Sarautar da Kurege Ya Samo wa Zaki a Tasha

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama ta samu wurin shiga. Wanda ke da loma a baki ya haɗiye tukuna, ban son a ƙware a ce ni ne.

Kurege dai kun san shi. Ɗan mitsitsi, jela ta fi jiki, baki ya fi jela. A shekarar da nake ba ku labari, tun saukar ruwan fari da kowa a dawa ya saɓi fartanya, gogan naku ya ce shi bayansa ke ciwo, ya sulale ya tafi tashar mota da ke bakin gari. Can ya yi damina guda cur a ƙarƙashin bencin Malam Jibo mai fenti, wanda ke rubuta allunan kan hanya da na shaguna. Shi kuwa Malam Jibo yana da wata ɗabi'a. Duk allon da ya gama sai ya ɗaga shi sama, ya karanta da ƙarfi, ya fassara wa mai shi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Kurege na ƙasa yana tsintar ɓarɓashin burodi, kunne a miƙe. Karatu kam ko bihim bai sani ba, amma ya haddace kamannin kowane allo da sunansa da abin da yake nufi.

Da kaka ta wuce Malam Jibo ya kwashe gwangwanayensa ya koma wani gari, burodi ya yanke. Kurege ya dawo dawa ba gona, ba rumbu, ba ko ƙwayar gero. Rani ya raba tsakiya, haƙarƙarinsa har daga nesa ana iya ƙirgawa. Gyaɗar dawa kuwa kaf tana rumbun Zaki. Abin da ke ba ni haushi ke nan har yau, don Zaki ba ya cin gyaɗa! Karɓa kawai yake yi da sunan gaisuwa, ya zuba a rumbu, ya danna kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Kurege ya lissafa ya ga in bai shiga rumbun nan ba, ruwan bana sai dai ya sauka a kan kabarinsa.

Ana nan sai masu aikin hanya suka ratsa dawa da sabon titi, ya bi ta gaban kogon Zaki ɗaf. Ranar wata Juma'a suka tafi masallaci, suka bar ƙananan allunansu jibge a gindin kuka. Namun daji suka kewaye su daga nesa, kowa na cewa asiri ne. Kurege ya leƙa, ya ga tsofaffin abokansa na tasha, ya yi tsalle uku. Ya samo gwangwanin tumatir ya kifa a ka, ya maƙala karyayyen tabarau da ba gilashi, ya cusa jelarsa cikin wata yasasshiyar safa, ya fito yana taku ɗai-ɗai.

"Ni ne Injiniya!" in ji shi. "Na sha Turanci na ƙoshi har na yi gyatsa. Wanda ya ƙirƙiro shi ma sai ya aiko ya tambaye ni kafin ya buɗe baki. Waɗannan alluna maganar hukuma ce. Duk wanda ya saɓa wa ɗaya, mota za ta zo ta kai shi gidan zu a birni, a sa shi a keji, yara su yi ta jifansa da bawon rake."

Kura ta ƙura masa ido ta ce, "Kai kuwa ba Kuregen nan ba ne da ya guji noma?"

"Kin taɓa ganin kurege da hula?"

"A'a."

"To ki iya bakinki."

Da gari ya waye, Kura ta taso da kwandon gyaɗa a ka za ta kai gaisuwa gidan Zaki. Ta kawo tsakiyar turba sai ga jan allo kafe a gabanta, an rubuta STOP. Kada ku tambaye ni yadda ɗan mitsitsin nan ya jawo shi. Mai jin yunwa ba abin da ba ya ja.

"Sitof!" in ji Injiniya.

"Na'am, ranka ya daɗe?"

"Sitof, da Turanci, tsaya ke nan. Ba rage sauri ba, ba bari in gani ba. Tsayawa cak."

"Ƙafa nawa zan tsayar?"

"Nawa gare ki?"

"Huɗu. Na baya dai sun ɗan gaza."

"Duka, har da gajerun."

Kura ta ƙame. Can ta ce, ta gefen baki don kada a ce ta motsa, "Sai yaushe zan wuce?"

"Sai an nuna miki abokinsa, kore ne shi. Sunansa Go, wato tafi."

"Ina koren?"

"Ya tafi cin abinci. Kafin ya dawo bari in yi cekin. Duk motar da aka tsayar sai an duba kayanta."

"Ai ni ba mota ba ce, Injiniya."

"Kina da ƙafa huɗu? Kina ɗauke da kaya? Kina gurnani in kin hau tudu? To me ya rage?"

Kura ta duba ta ga ba abin da ya rage. Kurege ya ɗare ta bayanta ya faɗa kwando, sai ƙus ƙus ƙus kake ji, bawo na zuba ta gefen kunnenta. Ta ce, "Injiniya, ina jin kayan na ƙara sauƙi." Ya ce da baki cike, "Amfanin cekin ke nan." Haka baiwar Allah ta tsaya tun hantsi har la'asar, ƙudaje na shiga hancinta suna fita, ta kasa ko atishawa. Da ya ci ya yi nak, ya mayar mata da bawon cikin kwando, ya sauko da ƙyar ya jawo koren allon ya ce, "Go." Kura ta yi godiya, har da cewa Allah ya ƙara girma.

Amma ƙoshin yini guda ba ya kai mutum damina. Kurege ya kwanta yana shafa ciki, zuciyarsa tana can wuyan Zaki inda makulli ke lilo.

Da gari ya waye, Zaki ya zazzage kwando ya ga bawo zalla. Da Kura ta ba shi labari, ya kira Giwa ya ce ta kamo masa wannan mai gwangwani, a raye ko a taushe. Giwa ta taso ƙasa na girgiza, itatuwa na kwanciya. Ta hango shi a bakin wata tsohuwar gona, ta ɗaga hanci ta nufo shi gadan-gadan. Ko gezau bai yi ba. Ya ɗago wani allo rawaya da ke ɗaure a kara, an rubuta SLOW.

"Silo!"

Giwa ta ja birki, ƙura ta turnuƙe. "Wannan shi ne wanda aka yi wa Kura?"

"Ina! Wancan na ƙananan motoci ne. Ke babba ce, naki Silo. Ma'anarsa a hankali, sannu-sannu. Turanci bai hana ki kora ta ba, Hajiya, ki kore ni iyakar son ranki. Amma a hankali."

"Kamar yaya?"

"Ɗaga ƙafa. Haka. Riƙe ta a sama. Ki tuna sunan kakanninki bakwai, sannan ki ajiye."

Wayyo, ina ma kun ga korar nan! Giwa ta ɗaga ƙafa ta yi shiru tana tuno kakanni, takan manta na biyar ta koma farko. Kurege na gabanta da taku biyu, ya zauna ya sosa ciki, ya tashi ya matsa kaɗan. In ta ɗan yi azama sai ya daka mata tsawa, "Kin yi gudu! Ina jin ƙarar motar zu!" Sai ta ce, "Tuba nake, tuba nake." Da rana ta take ya ce shi fa ya gaji da gudu, ta ɗauke shi. Ya hau tsakar kanta ya zauna, ya saƙalo allon a gaban idonta, ya kwance ƙunshin ɗinyar da ta yi guzuri da shi yana sha yana tofar da ƙwallo. Tana korarsa yana kanta. Duk wanda suka wuce sai ta ce masa, "Ku ba ni hanya, na kusa kama shi."

"Ni ne Injiniya," in ji shi daga sama, "wanda ake kora yana kishingiɗe! Giwa dokina, ɗinya abincin doki, na ci na bar wa doki ƙwallo!"

Tafiyar zuwa kogon Zaki da ba ta kai a dafa shayi ba, sai da suka kwana a hanya.

Da gari ya waye suka iso bakin kogo. Zaki na zaune, gashin wuya a tashe, ido jajur, makulli na walƙiya a ƙirjinsa. Kurege ya sauko yana taka-tsantsan, don ya san wannan ba Kura ba ce. Ya faɗi ya yi gaisuwa yana jiran ya ji maganar gyaɗa.

Zaki ya ce, "Kai ne mai rabon Turanci?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kura tun shekaranjiya ta hana mu sakat, wai ita an yi mata Sitof, har ta daina gaishe da dila. Ga Giwa ta shigo mini gida tana tafiya kamar amarya, wai Silo. Ni da nake sarkin dawa, ina nawa? Raini ne ya sa aka tsallake ni?"

Ashe ba gyaɗa ke cin ransa ba, kishi ne! Kurege ya ji wani sanyi ya ratsa shi har cikin safa. Ya gyara gwangwani ya ce, "Haba, babba ai ba a fara masa da tarkace. Akwai Welkom. Shi ne barka da zuwa, ana kafa shi a ƙofar gari ko ƙofar gida don baƙo ya ji daɗi."

"Wa ya ce maka ina son baƙo ya ji daɗi?"

"To akwai Ofin da Kulos. A buɗe, a rufe. Ana rataya su a ƙofar shago, da safe a juya wannan, da yamma a juya wancan."

"Ni shago ne?"

"Allah ya kiyaye. Akwai Fush, wato tura, da Ful, wato jawo. Na jikin ƙofa ne, don kada mutum ya yi ta kokawa da ita a gaban jama'a."

"Kogona ba ƙofa."

"Akwai Ezit, mafita ke nan, ta inda ake ficewa."

"Wanda ya shigo wurina ba ya fita."

Kurege ya fito da babban makaminsa. "Danja! Haɗari, ranka ya daɗe. Inda duk aka kafa shi, kowa ya san in ya matso sai buzunsa."

Zaki ya yi hamma. "Wannan tun zamanin kakana kowa ya sani, ba sai an rubuta ba. Sabo nake so. Ka kawo mini kalmar da ta fi kowace girma a Turanci, wadda mutane da kansu ke rusuna mata. Ka kawo ta gobe da hantsi, makullin nan naka ne, ka ci gyaɗa har ta fito maka ta hanci. In kuwa ka zo hannu rabbana, da kai zan karya kumallo, har gwangwanin."

Nan fa ake yin ta. Turancin Kurege ya ƙare ƙaf, abin da Malam Jibo ya fassara ke nan. Ya koma gindin wata sabara ya zauna, tsoro ya kama shi sosai. Ga rumbu ya kusa zama nasa, ga kuma bakin Zaki. Ya yi ta juya tasha a ransa, rumfa-rumfa, allo-allo, sai ya tuno wani ɗan gini can bayan tasha mai allo da kibiya. Wannan allo tun kafin zuwansa aka rubuta shi, ba wanda ya taɓa fassara shi a gabansa, shi kuma bai taɓa zuwa kusa ba saboda wani kare da ke kwana a wurin. Amma ya sha hango abin da ake yi daga ƙarƙashin benci, ya kuma sha jin manyan mutane masu lakataye suna saukowa daga mota suna tambayar sunansa cikin rawar murya.

Ya buga tsalle ya ce, "Na samo!" Ya zuba da gudu sai tasha. Ya tarar kare ya tafi yawo, ya gwigwiyi igiyar da ta riƙe allon, ɗan falanki ne marar nauyi, ya jawo shi ƙiii har dawa.

Ku lura da wannan, don nan abin dariyar yake. Duk ƙaryar da ya shirga wa Kura da Giwa ta zauna daram. Yau da zai faɗi tsakaninsa da Allah abin da idonsa ya gani, yau ce ranar ƙin dillanci.

Da gari ya waye aka taru a bakin kogo. Kurege ya hau kan dutse ya ɗaga allo, an rubuta TOILET.

"Toyilet!" in ji shi. "Ranka ya daɗe, wannan sarauta ce, babu ta biyunta. A tasha gida guda ne tak ke da ita. Na ga alhazai, na ga 'yan boko, na ga sojoji, kowa in zai je wurinsa da sauri yake tafiya, jiki na ɓari, fuska a murtuke da damuwa. Ba a zuwa hannu sake, kowa da butarsa. Layi ake yi, ba a shiga biyu-biyu. Mai babbar riga sai ya tattare ta tun daga waje. A bakin ƙofa a jefa ɗan abin gaisuwa a kwano. Amma ka ga fitowarsu! Kowa fuska a sake, yana shafa ciki yana hamdala. Duk damuwar da mutum ya shiga da ita, a can yake baro ta."

Zaki ya miƙe zaune. "Shi mai sarautar, yaya kamanninsa?"

"Ai ba a ganinsa. Damina guda na yi ban taɓa ganin ya leƙo ba. Girma ke nan."

Zaki ya ji daɗi har wutsiyarsa na dukan ƙasa. Ya ce daga yau kada wanda ya sake ce masa Zaki. Kura ta zabura ta kama kirari, "Toyilet na dawa! Toyilet gagara-badau! Kowa ya zo gare ka ya tafi da sauƙi!" Giwa ta ɗauki allon da hanci, a hankali, ta kafa shi a bakin titi, kibiya na nuna bakin kogo. Ita da Kura suka laɓe bayan duwatsu su ga ikon Allah. Zaki ya shige can ƙuryar kogo inda ke da duhu, ya kwanta bayan wani dutse, Injiniya a gefensa a matsayin tafinta. Ya ciro makulli daga wuya ya riƙe a tafi.

"Da zarar mutum na uku ya ajiye gaisuwarsa," in ji shi, "naka ne."

Kurege ya ƙura wa makullin ido, yawu na tsinkewa. Ta bakin kogo yana hango rumbu, har ƙamshin gyaɗa yake ji.

Ba a jima ba sai ga wata doguwar bas ta taho daga nesa, cike da 'yan biki da suka karya da alalar jiya a wata tasha. Tun mil goma baya suke roƙon direba Ɗanlasan ya tsaya, yana cewa daji ne. Da ya hango allo da kibiya sai ya taka birki. Ƙofa ta buɗe, mutane suka zubo, kowa da buta, kowa na sauri yana matse ƙafa.

"Ka gani?" in ji Kurege cikin raɗa. "Dubi butoci! Dubi layi!"

Na farko shi ne Alhaji Nadabo, wani ƙaton ɗan kasuwa. Ya tattare babbar riga tun daga waje, ya shigo yana lalube, ya juya baya, ya tsuguna.

Zaki ya raɗa, "Me yake yi?"

"Durƙuso ne, ranka ya daɗe."

"Me ya sa ya ba ni baya?"

"Ba a haɗa ido da babba."

Sai aka ji wata ƙara mai amsa-kuwwa, har jemagu suka tashi daga rufin kogo. Zaki ya zabura. "Wannan fa?"

"Bindigar gaisuwa ce," in ji Kurege. Amma muryarsa ta soma sirancewa, don wani abu ya fara isowa hancinsa, kuma ba ƙamshin gyaɗa ba ne.

Alhaji ya gama, ya yi amfani da butarsa, ya fita yana cewa, "Alhamdulillahi, kai, na dawo duniya." Zaki ya kumbura don jin daɗi, sannan ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska.

"Injiniya, wannan wane irin turare ne?"

"Na Turawa ne. Sai an saba."

"Yana sa hawaye."

"Mai tsadar ke nan."

Na biyu ya shigo, wani siririn malamin makaranta, shi ma ya yi nasa durƙuson, har da bindiga biyu. Yanzu kam Kurege ya gane. Wallahi ya gane sarai, gumi na bin ƙarƙashin gwangwani. Amma saura mutum ɗaya! Ya dubi makulli, ya dubi bakin kogo, yana addu'a a zuci na uku ya shigo da sauri ya yi abin da zai yi kafin Zaki ya farga.

Ta uku kuwa wata tsohuwa ce, Hajiya Yelwa, irin tsofaffin nan da ba sa taka wuri sai sun yi tambaya. Ta zo bakin kogo ta tsaya, ta leƙa, ta ja da baya. Ta ɗaga murya, don kunnenta ya yi nauyi, ta ce, "Kai Ɗanlasan! Ni ban yi boko ba. Me aka rubuta a allon can da kowa ke rububin shiga kogon nan?"

Direba ya amsa daga bakin titi, shi ma da ƙarfi don ta ji, "Toyilet, Hajiya! Banɗaki ke nan da Turanci! Masai! Inda ake zagayawa!"

"Au, masai ne? To ai sai a ce masai. Amma kuwa masu shi ƙazamai ne, ko rami ba su haƙa ba."

Zaki ya juyo a hankali ya dubi tafintansa. Daga can bayan duwatsu Kura, da ba ta ji abin da aka ce ba, ta ga layi ya yi tsawo, sai daɗi ya kwashe ta ta rangaɗa, "Toyilet na dawa! Kowa ya zo gare ka ya tafi da sauƙi!"

Ƙarar da Zaki ya yi, ni ban da bakin kwatanta ta. Butoci suka tashi sama. Hajiya Yelwa da ke tafiya da sanda ta riga kowa shiga mota. Malamin makaranta ya bi ta taga. Garin zabura makulli ya kuɓuce daga tafin Zaki, ya yi sama, ya juya, ya faɗo tsulum a tsakiyar gaisuwar Alhaji Nadabo.

Ga makulli nan, taku ɗaya tsakaninsa da Kurege, kan zoben na leƙowa. Gyaɗar shekara guda! Da ya rufe ido ya fizga ya faɗa rami, da ya sha. Amma ɗan banza sai ya tsaya toshe hanci tukuna. Wannan tsayawar ita ta cuce shi. Tafin Zaki ya same shi a ƙeya, ya yi sama kamar ƙwallon ɗinya, gwangwani ya yi gabas, tabarau ya yi yamma, ya bugu da bangon kogo ya gangaro waje. Kura ta cafki jela, safa ta zare a bakinta, sai ga jelar kurege buzu-buzu.

"La! Shi ne! Na faɗa!" in ji Kura. "Ni ka tsayar yini guda ƙudaje na wasa da hancina?"

Ta kai masa cizo ta yage rabin kunne. Giwa ta kawo ƙafa ta take masa tsinin jela, ya fizge ya bar mata gashi. Ya zuba a guje yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure, Zaki na bayansa yana ruri yana santsi. Bas ta riga ta tashi, ya yi ta maza ya kama tsanin baya da ƙyar, ya haye sama cikin kaya, ya faɗi warwas yana haki. Ya ɗago kai ya hango rumbu yana ƙanƙancewa, kwaɗonsa a danne yadda yake tun farko. Hawaye ya zubo masa, don ya san ya ga samu ya ga rashi, kuma cikinsa ko ƙwaya babu tun ɗinyar shekaranjiya.

Ya lalubi wani buhu a gefensa ya ce ko Allah zai sa. Ya gwigwiya, ya tura baki, ya cika kumatu. Barkono ne, ɗan munci. Ya yi ta atishawa yana birgima har ya bangaji wani zakara da aka ɗaure a cikin kayan.

Zakara ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aika-aika? Me ka yi musu?"

Kurege ya share hanci, ya gyara zama, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, guntun kunne na ɗigar jini.

"Alheri na yi musu," in ji shi. "Ni ne Injiniya, ban taɓa faɗin abin da bai tabbata ba. Na ce mutane za su zo, sun zo ko ba su zo ba? Na ce za su durƙusa, sun durƙusa ko ba su durƙusa ba? Na ce kowa zai ajiye abin da ya kawo. To je ka kogon ka duba, in ka tarar ba su ajiye ba, ka zo ka yage ɗayan kunnen."

Ƙurunƙus, kan kurege da rabin kunnensa. Ku tashi ku wanke hannu.